Hannun Rigar Radiyya

Ranar da aka raba musu kayan hafla, wato bikin wasan ƙarshen shekara, Radiyya ta dawo gida ba ta yi wa kowa sallama ba. Ta wuce ɗaki da ledarta a hannu ta turo ƙofa. Mahaifiyarta Lauratu tana kicin tana soya albasa, ta rage wutar ta bi bayanta.

"Radiyya, lafiya? Ba yau aka ba ku rigar ba? Fito da ita mu gani mana."

"Ma abga," in ji yarinyar daga ƙarƙashin bargo, wato ba ta so.

Shekarunta goma sha ɗaya, kuma a nan Madina aka haife ta, a Harra ta Yamma. Tana jin Hausa sarai, amma da Larabci take mayar da amsa, kamar sauran yaran layinsu. Tun tana ƙarama ba ta iya jin kiɗa ta zauna. Da aka buɗe wani nadi, wato kulob, na mata zalla a Aziziyya, inda ake koya wa 'yan mata motsa jiki da irin rawar nan da ake yi a kan yatsun ƙafa, sai da ta yi wata guda tana naci kafin mahaifinta Barau ya yarda. Shi ke kai ta da kansa in ya taso daga aikin tuƙi. Yanzu ƙarshen shekara ya zo, za su yi wasa a gaban iyayensu mata.

Lauratu ta buɗe ledar da kanta. Shuɗiyar riga ce mai kyau, da duwatsu masu walƙiya a ƙirji. Hannun rigar da wuyanta an yi su da wani siririn yadi mai kama da raga, ga doguwar safa da takalmin zane, duk launi ɗaya, fari-fari mai ɗan rawaya. Lahmi ake ce masa, launin fata. An yi shi ne don yarinya ta rufe jikinta, amma mai kallo daga nesa ya ga kamar hannunta ne.

Da ƙyar ta lallaɓa Radiyya ta saka. Da yarinyar ta tsaya gaban madubi Lauratu ba ta ƙara tambayar komai ba. Fuskarta da tafukan hannunta sun fito baƙaƙe wuluk a bakin farin yadin, kamar an ɗauko su daga wani wuri an liƙa.

"Wata ce ta ce wai kamar na ƙone aka naɗe ni da bandeji," Radiyya ta faɗa tana kallon ƙasa. "Duka suka yi dariya. Ni ma na yi, Ummi, don kada su gane. Ba zan je haflar ba."

Lauratu a salon take aiki, tana yi wa amare lalle da kwalliya. Ta sha ganin amarya baƙa kyakkyawa an shafe ta da hodar da ba tata ba har ta koma toka-toka, kowa yana cewa masha Allah, ita kuwa amaryar tana kauce wa madubi. Ba ta taɓa cewa uffan ba, aikin mutane take yi. Amma wannan 'yarta ce.

"Cire ki ajiye," ta ce. "Ba a gama magana ba."

Washegari bayan la'asar Barau ya ɗauki Lauratu suka shiga shaguna. Suka zaga Aziziyya, suka gangara Sih. Duk inda ta ce tana neman safa launin fata, abu ɗaya ake ciro mata. A wani shago dattijon da ke sayarwa ya baje mata kwali uku, duk kusan iri ɗaya.

"Wannan shi ne lahmi, ya Hajja. Babu wani."

Lauratu ta ɗora bayan hannunta a kan kanta kusa da safar. "To ni wannan fa, mene ne sunansa?"

Dattijon ya dubi hannun, ya dubi safar, ya sosa gemu yana murmushi. "Wallahi kin yi gaskiya. Amma masu kawo mana ba sa kawowa. Akwai baƙa, in kina so."

"Yarinyar ba gawayi ba ce, Baba. Ma'assalama."

Da ta koma gida ta tuna yadda wata ƙawarta take rina tsohon mayafi da ganyen shayi. Ta ɗora babbar tukunya, ta juye duk shayin da ke gidan, ta ƙara da garin gahawa, ta tsoma safar. Ba ta taɓa rigar ba, don ta fara gani tukuna. Da safar ta bushe sai ta fito dabbare-dabbare, gwiwa ɗaya ja, ɗaya kamar an zuba mata miya. Barau ya shigo yana neman abin da zai dafa ya sha, ya tarar da gwangwani wayam.

"Yanzu shayin nawa ne a jikin igiyar shanya?" ya tambaya, yana ɗaga safar da yatsu biyu.

Radiyya ta tuntsure da dariya har ta riƙe ciki, daga nan kuma dariyar ta koma kuka. Barau ya ajiye safar ya zauna kusa da ita.

"In ba kya son zuwa, ba wanda zai tilasta miki," ya ce. "Amma ni na ga wahalar da kika sha shekara guda. Ki ba uwarki dama."

A wurin aiki ne wata abokiyar aikin Lauratu ta ce mata ta je wajen Zenabu, wata tela 'yar Cadi da ke aiki a wani mashgal, wato shagon ɗinki na mata, a Sih, mai yi wa amaren Takari da na Sudan rigunan biki. Lauratu ta ja Radiyya suka tafi. Zenabu doguwar mace ce mai ƙiba, tabarau a kan hanci, allurai a soke a gefen mayafinta. Ta saurari labarin ba ta daina taka keke ba, sannan ta tashi ta jawo wata durowa daga ƙasan teburin yanka. Cike take da naɗin siririn yadin nan, tun daga mai launin madara da shayi har zuwa mai duhu sosai.

"Daga Jidda nake sa a kawo mini, kaɗan-kaɗan," ta ce. "Amarenmu sun gaji da farin hannu a hoton biki. Ta'ali, 'yata, zo nan bakin taga. Fitila ƙarya take yi."

Ta riƙa ɗora yadin a damtsen Radiyya ɗaya bayan ɗaya, tana ja da baya tana ƙanƙance ido. Na farko ya yi haske, na biyu ya yi toka. Da ta ɗora wani mai ɗan ja a ƙarƙashi, kamar dabinon safawi, sai ya ɓace a jikin yarinyar. Radiyya ta juya hannunta a hasken rana, ta sake juyawa, tana neman inda yadin ya ƙare.

"Hada huwa," ta ce a hankali. Shi ne wannan.

"Safar zan ɗinka miki da yadi mai miƙewa, takalmin kuma zane ne, zai sha rini," in ji Zenabu. Ta juya wajen Lauratu. "Amma Ummu Radiyya, rigar ta nadi ce. Ba zan sa almakashi ba. Zan warware tsohon hannun a hankali in ajiye miki, in malamar ta ƙi sai mu mayar. Kuma ki je ki same ta tukuna, kada yarinya ta sha kunya sau biyu."

Malamar, Abla Sara, matashiya ce mai saurin magana, 'yar asalin garin, wadda yaran ke tsoro kuma suke so. Lauratu ta same ta bayan darasi, ta yi mata bayani da Larabcinta na kasuwa. Abla Sara ta saurara har ƙarshe, ta girgiza kai.

"Na ji abin da aka ce mata, kuma na yi wa yarinyar faɗa. Amma ya Khala, rawar rukuni ce. Yara goma sha huɗu dole su zama kamar mutum ɗaya. In na bar kowa ta canza abin da take so, gobe wata za ta zo da jar riga."

"Ba rigar za mu canza ba, Abla. Shuɗin yana nan, duwatsun suna nan. Ke kika ce hannun launin fata ne. Sauran yaran za su fito da nasu. Ita kaɗai za ta fito da na wata."

Abla Sara ta riƙa wasa da igiyar usur ɗin da ke wuyanta. "Ban yi alkawari ba," ta ce. "Ta zo da shi ranar gwaji in gani a ƙarƙashin fitilu. In ya ɓata layi, za ta koma tsohon."

Ranar gwajin ba a bar iyaye sun shiga zauren ba. Lauratu ta zauna a baranda tana jin kiɗan ta bango, ana tsayarwa ana sakewa. Daga baya Radiyya ta ba ta labarin abin da ya faru. Abla Sara ta koma can kujerun baya ta tsaya, ta sa suka maimaita wurin da suke ɗaga hannu gaba ɗaya har sau da yawa. Da suka gama ta hau dandamalin, ta kama hannun Radiyya ta ɗaga, ta ce wa sauran su duba yadda yake tafiya daga kafaɗa har yatsu ba inda ya karye, ta ce abin da take nema kenan a wurin kowa. Sannan ta ce duk wadda ta ga nata bai dace da ita ba, ta faɗa wa mahaifiyarta.

Ba kowa ya ji daɗi ba. Wata uwa ta aiko da dogon saƙon murya a rukunin iyaye na waya tana cewa ana neman raba kan yara, tun da can ba wanda ya taɓa kuka da lahmi sai yanzu. Lauratu ta saurara, ta rubuta amsa, ta goge, ta ajiye wayar. Abla Sara ce ta amsa da kanta a taƙaice, ta ce ba a tilasta wa kowa ba, kuma magana ta ƙare.

Yara uku suka biyo Radiyya zuwa wajen Zenabu. Akwai Munirat, wadda iyayenta 'yan Ilori ne, wadda ashe ita ma ta yi niyyar cewa ba ta da lafiya ranar haflar. Akwai wata 'yar Sudan. Ta ukun ta ba kowa mamaki, wata fara tas ce 'yar Buhara, wadda ta ce a jikinta lahmin rawaya yake yi kamar mai ciwon shawara. Zenabu ta yi ta dariya, ta ce a durowarta akwai na kowa. Wadda ta yi maganar bandejin kuwa ba ta ba da haƙuri ba, Radiyya ma ba ta jira ba.

An yi haflar bayan magariba. A bakin ƙofa aka karɓe wayoyin kowa, mata suka cire abayoyinsu suka cika zauren da turare da surutu. Lauratu ta zauna kusa da Zenabu, wadda ta zo da jakar allura da zare ko da wani abu zai tsinke. Da aka buɗe labule yaran suka shigo a jere, shuɗi iri ɗaya, hannaye kowa da nata. Radiyya ce ta uku daga dama. Kanta a sama yake. A wurin wani juyi ƙafarta ta ɗan zame, Lauratu ta damƙe gwiwar Zenabu, amma yarinyar ta tsaya da ƙafarta ta ci gaba, har da murmushi. Da aka gama wasu tsofaffi a gaba suka rangaɗa guɗa, Lauratu ta tashi tsaye ta ƙara da tata irin ta gida, ba ta damu da masu waigowa ba.

Barau yana mota a waje yana jira. Suna shiga ya juyo. "To, yaya aka yi?"

"Na yi kuskure a juyi," in ji Radiyya da sauri. "Amma Abla ta ce zangon da ke zuwa za ta mai da ni ajin manya. Abba, ajin manya Asabar ma suna zuwa."

"Ikon Allah. Wato an ƙara mini aiki." Ya tayar da mota. "Ni dai ban ga komai ba. Kowa ya gani sai direba."

Da suka isa gida Radiyya ba ta cire rigar ba. Ta ture matasai gefe, ta naɗe darduma, ta sa mahaifinta ya zauna a tsakiyar kujera. Lauratu ta nemo kiɗan a waya ta rage murya saboda maƙwabtan ƙasa. Falon ya yi wa Radiyya kaɗan, sai da ta kusa ture fanka, amma ta yi masa rawar tun daga farko har ƙarshe, kuma a wannan karon juyin ya fita daidai.