Rawar Kara a Falon Hajiya Ƙaltume

Duk ranar Alhamis bayan la'asar Rabi'a kan biya gidan Hajiya Ƙaltume a unguwar Bani Harisa da ke Madina ta auna mata jini. Rabi'a 'yar Zariya ce, mai harhaɗa magunguna a wani ƙaramin asibiti a unguwar Aƙiƙ. Ita kuwa tsohuwar, tun tana yarinya iyayenta suka taho da ita a ƙafa daga ƙasar Damagaram. Ta tsufa a Madina, ga ido ya yi rauni, ba ta ko bambance fuska.

Rannan Rabi'a ta tarar da jikar tsohuwar, Wafa, da ƙawayenta biyu Larabawa sun ƙura wa talabijin ido. Ba a daɗe da kafa wa gidan dish ba. Wata tashar Turawa ce ke nuna biki a ƙasar Suwazilan: dubban 'yan mata ƙirji a waje, kowacce ta ɗaga dogon kara, suna tafe suna waƙa, ƙafafunsu na dukan ƙasa lokaci guda. Baturen da ke bayani yana magana ƙasa-ƙasa, kamar mai nuna namun daji.

Ɗaya daga cikin ƙawayen ta tuntsire da dariya, ta ce da Larabci, "Wafa, waɗannan danginku ne? Haka kuke yi a can?"

Wafa ta yi yaƙe, ta kai hannu za ta canza tasha.

"Kada ki taɓa," in ji tsohuwar daga kan shimfiɗarta. Ta juyo da kunnenta wajen sautin. "Rabi'a, 'yar nan, ara mini idonki. Me ke hannunsu?"

Rabi'a ita ma kunya ta kama ta, amma ta amsa. "Kara ne, Hajiya. Wai a bakin rafi suka yanko, za su kai wa uwar sarkinsu a gyara mata danga."

"Ashe aiki suke yi," in ji tsohuwar. "To mene ne abin dariya?"

"Ya Sitti, aib!" Wafa ta faɗa wa kakarta da Larabci, wato abin kunya ne.

Tsohuwar ba ta kula ta ba. Ta ce a garinsu, in kaka ta yi, 'yan mata kan fita gayya su yanko gamba, a yi wa tsofaffin da ba su da kowa zana. Yayarta Tasalla ce mai ba da waƙa, sauran na amshi. Tasalla ba ta iso Madina ba, a hanya aka binne ta kafin su kai teku. Da suka sauka a nan, wata rana ita Ƙaltume ta ɗauki waƙar tana wanki, maƙwabta suka leƙo suna dariya. Uwarta ta rufe mata baki da hannu ta ce nan ba a yi. Daga ranar ba ta sake ba.

Tana magana ƙafarta na buga tabarma, daidai da ƙafafun 'yan matan. Ƙawayen Wafa suka ɗauki abayoyinsu suka fice sumsum.

Da Rabi'a ta dawo a mako na gaba, ta sami tsohuwar zaune tana fuskantar taga. Jinin ya daidaita, ba zazzaɓi, amma abinci ya ƙi shiga.

"Kina jin su?" tsohuwar ta tambaya.

Rabi'a ta kasa kunne. Ba komai sai ƙarar na'urar sanyaya ɗaki da motocin titi.

"Ta wajen kwari suke tahowa, da gamba a ka. Kullum ƙara matsowa suke. Amshi kawai suke yi, babu mai bayarwa." Ta damƙe hannun Rabi'a, yatsunta sanyi ƙalau. "Ni suke jira, ni kuwa farkon ya ɓace mini."

Rabi'a ta yi mata addu'a ta tofa.

Ba a kai wata Alhamis ba Hajiya Ƙaltume ta rasu, aka kai ta maƙabartar Baƙi'a. A wurin zaman makoki Wafa ta ja Rabi'a bakin ƙofar kicin, idanunta jajir. Da Hausa ta yi magana, wata karyayyar Hausa da Rabi'a ba ta taɓa ji a bakinta ba.

"Khala," ta ce, wato inna, "Sitti ta tuna. Da safe ta yi, sai ta mutu. Ni ban gane magana ba, murya kawai na riƙe. Ke kin sani?"

Ta rera a hankali, baki a rufe. Rabi'a ta saurara har ƙarshe, amma ba ta san waƙar ba.

Can cikin falo, wata tsohuwa 'yar Damagaram da ta zo gaisuwa ta dakata da jan carbi. Leɓunanta na motsi suna bin muryar. Wafa ta ruga ta durƙusa gabanta.

"Hajiya, kin san ta?"

Tsohuwar ta dubi matan Larabawan da ke zaune gefenta, ta gyara mayafi.

"Ni ban ji komai ba, 'yata," ta ce, ta ci gaba da jan carbinta.