Zangon da ke bayan Nikki

Awudu tela ne a unguwar Nima, ɗan Baba Issah. Uban nasa ya bi ayarin goro daga Kano zuwa Salaga tun yana yaro. A makaranta an koya wa Awudu cewa tarihi ya fara ne ranar da jiragen Turawa suka tsaya a bakin teku. Bayan 'yancin kai littattafai suka koma kan sarakunan Mali da Songhai. Babu inda aka ambaci mai jaki. Shi ya sa in Baba ya fara jero zangunan hanya, Awudu kan ci gaba da taka keke, yana jinsu kamar ruwa a kan kwano.

Sai ga 'yarsa Hamsatu ta dawo daga jami'a da rikoda. Ta ce malamansu yanzu hanyoyin fatake suke bi, wai su suka ɗinke duniya, kuma muryar Kaka suke so.

Tsohon ya sa babbar riga, ya zauna ya ƙame.

"Amaryata, wannan akwatin na 'yan boko ne?"

"Nasu ne, angona. Ba ya cizo."

Ya gyara murya, ya fara ba rikoda labarin Turawa da jiragensu, abin da ya tsinta a bakin Awudu shekaru da yawa.

"Kaka, ba wannan ba. Hanyarku."

"Wannan ai hira ce. Tarihi kika ce."

Awudu ya tashi ya kawo goro, ya ɓare, ya miƙa da hannu biyu. Baba ya shinshina, ya tauna, kafaɗunsa suka sauka.

"Kano," in ji shi a hankali. "Jega. Illo, a nan muke haye Kwara, jakuna suna kuka. Nikki."

Ya juya sauran goron a hannunsa. Kaset yana juyawa.

"Bayan Nikki akwai wani gari mai rijiya a gindin tsamiya. Can muka binne yayana." Ya juyo ya dubi ɗansa. "Awudu, kai ka sha ji. Yaya sunansa?"

Awudu ya buɗe baki. Ya tuna sunayen jiragen Turawa, ya tuna shekarun zuwansu.

"Baba, sake farowa daga Kano," ya ce. "Wataƙila ya zo."

Tsohon ya sake farowa. A Nikki ya tsaya.