Sunan Malam Oumarou a Rediyo

Othman ɗan Malam Oumarou tela ne. A Jidda aka haife shi, a unguwar Waziriyya, kuma bai taɓa taka ƙasar Nijar ba, ko da yake fasfonta yake riƙe da shi. Yana jin Hausa sarai, amma in zai mayar da magana sai Larabci ya riga fitowa daga bakinsa. Yana da shekara ashirin da biyu ya samu aikin tuƙi a gidan wani attajiri a Abhur, a bakin teku. Mai gidan ne kafilinsa, wato shi ya tsaya masa a kan takardar zama a ƙasar, amma wanda yake tuƙawa kullum shi ne ɗan gidan, Abdulghani, wanda bai daɗe da dawowa daga karatu a Turai ba.

Duk ranar Alhamis bayan azahar abokan Abdulghani kan taru a wani ɗaki na bayan gida, su ja labule, su baje karta. Wasan da suke yi ana ce masa poka. Ana ba kowa kati biyu a ɓoye, a buɗe biyar a tsakiyar tebur, kowa ya zuba 'yan tsabar roba a madadin kuɗi gwargwadon ƙarfin hannunsa, wato katin da ya samu, ko gwargwadon burgar da zai iya yi. Othman yakan tsaya a bakin ƙofa yana jiran a aike shi. Wata bakwai yana tsayuwar nan, har ya gane wa ke taɓa agogo in hannunsa ya yi kyau, wa ke yawan surutu in ba shi da komai.

Wata Alhamis mutum ɗaya bai zo ba. Abdulghani ya nuna masa kujerar.

"Yalla, zauna. In ka faɗi ni na faɗi."

Kafin magariba tsabar robar mutum biyar ta taru a gaban direba. Aka yi ta dariya, aka ce sa'a ce. Alhamis ta gaba ya sake, ta gaba ma haka. Daga nan dariyar ta ragu. Abdulghani ya ba shi tsohuwar kwamfutarsa, ya nuna masa yadda ake wasan da mutanen wasu ƙasashe. Sama da shekara biyu Othman yana yi a ɗakin direbobi, duk lokacin da mota take ajiye.

A gida bai taɓa faɗa ba. Ko a zuciyarsa ba ya kiran abin da sunansa na Hausa. Yakan ce wa kansa lissafi ne da haƙuri da karanta fuskar mutum. In ya je Waziriyya ranar Juma'a, yakan biya ta shagon babansa, inda dattawan Nijar ke zama bayan la'asar suna shan shayi suna sauraron rediyo, ya durƙusa ya gaishe su, su sa masa albarka, su ce Oumarou ya yi dace da ɗa.

A shekarar 2009 Abdulghani ya zo masa da maganar wata babbar gasa da za a yi a Marakesh. Shi zai biya kuɗin shiga da na jirgi, ya kuma sa babansa ya fitar wa Othman takardar fita da dawowa. Abin da aka ci a raba biyu.

Othman ya samu Malam Oumarou yana yanka yadi.

"Baba, zan raka ɗan mai gida Maroko. Kwana goma."

"Aikin me?"

"Tuƙi. Ba ya son direban can."

Tsohon ya ajiye almakashi, ya yi masa addu'a mai tsawo. Ana gobe tafiya ya miƙa masa sabuwar farar riga da ya ɗinka masa, ya ce mutum ba ya shiga ƙasar mutane da tsofaffin kaya. Othman ya karɓa da hannu biyu, bai iya ɗaga ido ba.

Mutum ɗari huɗu da wani abu suka shiga gasar. A allon da ke jikin bango an rubuta sunan kowa da tutar ƙasarsa, a gefen sunan Othman aka sa ta Nijar. Ranar farko ya kusa fita, tsabarsa ta ragu har za a iya rufe ta da tafin hannu. Ya yi zaman jira, ya yar da hannu bayan hannu, har ya samu wanda zai tsaya a kai. Rana ta biyu ya farfaɗo. Rana ta uku masu ɗaukar hoto suka fara tsayawa a bayansa, suna tambayar wane ne wannan dogon yaron da ba ya magana, ba ya shan komai sai ruwa. Sallolinsa kuwa yakan tara su ya yi a ɗakin otel, da sauri, kamar mai gudun a gan shi.

Rana ta biyar saura mutum tara, sannan huɗu, sannan biyu: shi da wani Bafaranshe mai furfura wanda ya shekara talatin yana wannan sana'a. Sun kai awa biyu suna ja. Sau ɗaya Othman ya zuba rabin abin da ke gabansa ba shi da komai a hannu. Bafaranshen ya tsura masa ido kusan minti uku, sannan ya yar da katinsa. A hannu na ƙarshe Othman ya ɗaga gefen katinsa ya ga goma biyu, wato kati biyu masu lamba goma-goma. Bafaranshen ya tura duk tsabarsa tsakiya, Othman ya ce ya amsa. Aka buɗe. Mutumin yana da sarki da sarauniya, kuma katin tsakiya biyar suka fito babu wanda ya taimake shi.

Ɗakin ya kaure da tafi. Abdulghani ya tsallake igiya ya rungume shi yana ihu. Aka miƙa masa kofi mai nauyi, aka ce ya yi murmushi. Ya yi. Gaskiya a wannan lokacin daɗi ya ji, irin wanda bai taɓa ji ba. Shi da kullum ake kira a ce kawo mota, yau mutum ɗari huɗu suna bayansa.

Washegari da hantsi wayar ɗakinsa ta yi ƙara. Muryar mace ce, da Hausa. Ta ce sunanta Saudatu, daga sashen Hausa na wani gidan rediyo, sun ga labarin cewa ɗan Nijar ya lashe gasa a Maroko, suna so su ji ta bakinsa. Daɗin jiya bai sake shi ba, sai ya ce to.

Ta tambaye shi yadda ya ji, ya amsa rabi Hausa rabi Larabci, tana dariya tana gyara masa. Ta tambaye shi daga wane gari yake a Nijar.

"Ni a Jidda aka haife ni. Babana ne mutumin Damagaram. Malam Oumarou tela, a Waziriyya. Kowa ya san shi."

"Akwai wanda kake so ka gaisar?"

"Ina gaida Baba. Duk abin da na zama, shi ne. Shi ya koya mini sabr, haƙuri."

Sai da ya ajiye wayar, ya shiga wanka, ruwa na zuba a kansa, sannan ya tuna da ƙaramar rediyon da ke kan kantar shago, da dattawan da ke zagaye da ita kowace la'asar. Ya fito jiƙe ya nemi lambar da aka kira shi da ita. Ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba.

Yana filin jirgi ƙanwarsa Zakiya ta kira.

"Yaya, me ka yi?"

"An sa?"

"An sa. Matar ta ce gasar caca ta karta. Sau biyu ta faɗa. Sannan muryarka, sannan sunan Baba. Shagon cike yake. Baba Mato abokinsa ya ce Baba tashi kawai ya yi ya kashe keken ɗinki ya taho gida. Ko masallaci bai fita ba."

"Inna fa?"

"Tana ɗaki. Ta ce kada ka kira ta."

A cikin jirgi Abdulghani yana ta lissafin gasar da za su je nan gaba. Othman ya ce kansa na ciwo. Kofin ma bai ɗauko ba, ya bar shi a cikin kabad ɗin otel, don bai san me zai ce wa ma'aikatan filin jirgin Jidda ba in sun buɗe jakarsa.

Kwana uku yana Abhur bai je gida ba. Rana ta huɗu Zakiya ta aiko masa da saƙo: Baba ya ce ka zo shago bayan la'asar.

Ya je. Dattawa shida ne a kan benci da tabarma. Ya durƙusa ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka amsa ƙasa-ƙasa. Isha'aku, mai sayar da turare a maƙwabcin shago, ya ce, "A'a, zakara an dawo?" Babu wanda ya yi dariya.

Malam Oumarou yana zaune a bayan keke, ya rame a cikin mako guda. Bai ɗaga murya ba.

"Othman, waɗannan iyayenka ne. Da za ka tafi na gaya musu ka tafi tuƙi, sun yi maka addu'a. Na yi musu ƙarya ban sani ba. Yanzu kai ka gaya musu abin da ya kai ka."

"Baba, musabaƙa ce, yaʿni wasa ne na..."

"Da Hausa."

"Wasa ne na lissafi, ana..."

"Da sunansa."

Othman ya dubi ƙasa, inda guntayen yadi suke warwatse. Ya ji yara suna buga ƙwallo a lungu, ya ji wani ya ajiye kofin shayi.

"Na yi caca," ya ce.

"Tun yaushe?"

"Shekara biyu da rabi."

Baba Mato, tsohon abokin babansa tun daga Damagaram, ya ja salati a hankali. Malam Oumarou ya gyaɗa kai.

"Ka ce ni na koya maka. Mutanen garinmu sun ji. Yayata ta kira daga ƙauye tana kuka, tana tambaya ko abin da na zo yi ƙasa mai tsarki ke nan. Shekara talatin da huɗu ina nan, da allura da zare. Da ka faɗi sunanka kai kaɗai, Othman."

Nan Othman ya fashe da kuka, a gaban kowa, har da yaran da suka leƙo. Baba Mato ya tashi ya kore su, ya kama Othman ya zaunar, ya ce, "To ya isa, Oumarou. Ya faɗa." Tsohon ya mayar da ƙafa kan keke ya ci gaba da ɗinki.

Da zai tafi ya tsaya a bakin kanta ya ce a hankali, "Baba, kuɗin..."

"Kada ko ƙwayar shinkafa ta shiga gidana da shi."

Ba nan take Othman ya bari ba. Bayan wata huɗu Abdulghani ya matsa masa, suka tafi wata gasa a tsibirin Kubrus. A wurin rajista ya roƙi kada a sa tuta a gefen sunansa, aka ce ba ya yiwuwa. Ya zauna a tebur yana waiwayen masu ɗaukar hoto, hankalinsa ba ya kan katin. Rana ta biyu da rana tsaka aka fitar da shi. Da ya miƙe daga kujera sai ya ji kamar an sauke masa kaya. A hanyar komawa otel ya ce wa Abdulghani halas, ya gama. Abdulghani ya ce masa mahaukaci, mutum nawa ne Allah ya ba irin wannan kai. Suka yi kwana biyu ba sa magana, kuma da suka dawo Jidda aka ce masa ya nemi wani kafilin.

Rabonsa na Marakesh ya daɗe a ajiye a ƙasar waje bai taɓa ba. Daga baya ya tambayi wani malami, ba tare da ya faɗi sunansa ba, aka ce ya fitar da shi ga mabuƙata kada ya sa ran lada. Ya yi hakan a hankali, ta hannun mutanen da ba su san shi ba. Wani ɓangare kuma ya ci, lokacin da ya yi wata biyar ba aiki ana neman mayar da iƙamarsa, takardar zamansa, hannun wani kafilin, kuma wannan bai taɓa gaya wa kowa ba.

Innarsa ta fara yi masa magana da azumi. Babansa kuwa ya kai shekara yana amsa gaisuwarsa kawai, sai ranar sunan ɗan Zakiya ya kira shi ya ce ya zo su je su ɗauko Baba Mato a mota, suka yi hira a hanya kan tsadar haya kamar babu abin da ya faru. Amma Othman bai ƙara zama a shagon bayan la'asar ba. Yakan zo da safe, kafin dattawa su taru.

Ya samu aiki a wani kamfanin hayar motoci a unguwar Safa. Wata rana a 2012 wani saurayi ya zo karɓar mota, ya dubi sunan da ke ƙirjinsa, ya dubi fuskarsa, ya zaro waya yana nema.

"Kai ne na Marakesh? Wallahi kai ne! Goma biyu! Na kalli hannun nan ya fi sau ashirin."

Abokan aikinsa biyu suka juyo.

"A'a," in ji Othman. "Kama ce. Sa hannu a nan, da nan. Motar tana waje, fara, tankinta cike."