Gaisuwar da Sha'aibu Ya Yi a Chow Kit

Ofishin ƙungiyar ɗaki biyu ne a saman wani shagon yadi, babu allo a ƙofa. Suna kare haƙƙin maza masu son maza da mata masu son mata: lauya idan an kama mutum, wurin kwana idan an kore shi. Sha'aibu, ɗalibi daga Kano da ya zo karatu ƙasar waje, yana zuwa can a ɓoye. Ranar farko Kak Salmah, dattijuwar da ke kula da ofishin (Kak na nufin Yaya a yaren ƙasar), ta gaya masa ƙa'idarsu: idan sun haɗu a waje, ba ta san shi ba, shi ma bai san ta ba. Mutanen unguwa sun san fuskarta da aikinta.

Ya ce ya ji.

Ranar Asabar ya raka Alhaji Alkasim, aminin babansa wanda ya sauke shi a gidansa, cefane a kasuwar Chow Kit. Wajen masu kifi sai ga Kak Salmah tana ɗingisa ƙafa. Ta kawar da kai. Sha'aibu ya yi ƙoƙarin wucewa, amma matar nan ce ta zauna da shi a asibiti lokacin da wasu samari suka fasa masa baki. A gidansu ba a wuce babba a tsaye. Kafin ya yi tunani har ya rusuna, ya gaishe ta, ya tambayi ƙafa, ya karɓar mata leda.

Ta ci gaba da duba kifi kamar ba da ita yake ba. Mai kifin ne ya yi dariya, ya faɗa wa Alhaji ko wace ce ita.

A hanya Alhaji bai yi faɗa ba. Da suka isa gida ya ce, "Ɗana, ka haɗa kayanka. Zan kira mahaifinka bayan la'asar."

Sha'aibu ya hau matattakalar ofishin da akwatinsa. Kak Salmah ta daɗe tana kallonsa, ranta a ɓace. Ta ce ƙa'ida ɗaya kawai ta ba shi.

"Kak, ya zan yi in wuce ki kamar ban san ki ba?"

Ta ce masa yanzu ga abin da ladabin ya jawo, kuma gadajen ƙungiyar duk akwai mutane a kai. Ta ɗauki waya ta fara neman wanda zai karɓe shi. Wayarsa kuma tana ta ruri a aljihu, sunan babansa a kai.