Albasar Baba Jaji

"Mukhtari, wannan dubiya taka ta yi yawa," in ji maƙwabcina Baba Jaji, yana kwance a tabarma cikin soro. "Ko 'ya'yan cikina ba sa sintiri haka."

Na yi yaƙe, na ajiye lemon da na kawo. Gaskiya ya faɗa. Ɗana Suhaibu yana tsare a gidan kangararrun yara a Kano tun farkon rani. Shi ya ɗaga ƙofar kanal ɗin ban-ruwa ba a ranar rabonmu ba don ya shayar da tumatirinmu, ruwa ya kwanta a albasar tsohon har ta ruɓe. Cikin fushi Baba Jaji ya kai ƙara. Yanzu alƙali ya ce sai mai ƙara ya janye da bakinsa, ga shi ciwo ya kayar da shi. Kullum da maganar nake shiga soron, da ita nake fitowa ban furta ba.

"Yaron yana cin abinci kuwa?"

"Ya rame, Baba. Sun aske masa kai."

Ya daɗe yana kallon azara.

"Ni cewa na yi a ja masa kunne. Ban ce a ɗauke shi ba."

Ran Talata Malama Aziza, ma'aikaciyar da kotu ta turo duba gidanmu, ta sauka daga babur. Da labari ya je wa Baba Jaji, sai ya aika a kira ta.

"'Yata, daga nan muryata za ta kai Kano?"

"Za ta kai, Baba," ta ce, ta kunna wayarta ta matsa da ita kusa da bakinsa.

"To alƙali ya ji, na yafe. Amma a gaya wa ja'irin nan ya zo ya gyara min kunyar da ruwansa ya fasa."

Muka yi dariya, shi tari ya sarƙe shi.

Bai ga dawowar yaron ba. Ranar Juma'a da hantsi ya cika, bayan an sauko daga masallaci muka kai shi. Sai a makon da ya biyo aka sallami Suhaibu.

Washegarin dawowarsa na duba ɗaki ban gan shi ba. A gonar marigayin na same shi, laka har gwiwa, ya gama ɗaure kunyar. Yana tsugune a bakin kanal, hannunsa a kan ƙofar ƙarfen, yana jiran Sammani mai rabon ruwa ya ɗago masa hannu.