Awarwaron Baba Bala

Ranar Asabar ce, ruwan la'asar ya tsuge kamar da bakin ƙwarya, lokacin da Agnes ta tarar da Baba Bala a bakin lif. Ya ci babbar riga, yana jan tukunyar oksijin ɗinsa mai taya biyu.

"Baba, ina zuwa? Zuhra ta ce in sa ido a kanka."

"To biyo ni ki sa idon da kyau."

Agnes nas ce, 'yar Jos, ƙofarta na kallon tasu a unguwar Taman Melati. Ta san abin da ke ƙirjin tsohon nan. Shekara arba'in ya yi a Bida yana narka kwalabe yana yin awarwaro, hayaƙi ya cinye huhunsa. 'Yarsa Zuhra, da ke karatu a nan ƙasar waje, ta ɗauko shi ganin likita. Likita ya ce shi da wuta sai kallo daga nesa.

Tasi ta sauke su a Kampung Baru, inda wata mai aikin gilas, Kak Rosnah, ta buɗe shagonta ranar don jama'a su ga yadda ake yi. Tana juya sandar gilas a bakin wutar gas, mutum wajen ashirin sun ɗaga wayoyi. Can ta ɗauko wani tsohon awarwaro kore daga kan kantar shagon, ta yi bayani da Turanci.

"Me ta ce?" in ji Baba.

"Wai daga Afirka yake. Wai masu yin irinsa sun ƙare."

"Sun ƙare? Gaya mata ga ɗaya bai gama ƙarewa ba."

Ya naɗe hannun riga ya nufi kujerar. Kak Rosnah ta tare shi tana nuna robar hancinsa. "Tak boleh, Pak Cik!" Wato ba zai yiwu ba, da oksijin a jiki ba a zuwa kusa da wuta.

Baba ya zare robar, ya miƙa wa Agnes.

"Baba, wallahi minti goma ba za ka kai ba. Me zan ce wa Zuhra?"

"Ki ce ubanta ya fi ƙarfinki. Ta san halina."

Agnes ta tsaya da robar a hannu. Aikinta ne ta mayar masa da ita, ko da tsiya. Sai ta sa hannu ta rufe bakin tukunyar, ta ja ta can bayan mutane.

Sandunan gilas masu launi ya ture gefe, ya nuna kwalbar kicap, baƙin ruwan ɗanɗano da suke zubawa a girki, da ke kan teburin abinci. Aka wanke, aka fasa. Ya naɗa narkakken gilas a kan ƙarfe, ya kaɗa, ya faɗaɗa zoben yana juyawa, hannun da ko kofin shayi ba ya riƙewa bai yi rawa ba.  Kafin ya gama na shida leɓensa ya fara baƙi, Agnes na ƙirga numfashinsa.

"Ya isa, Baba."

"Yi mini shiru, likitar bokaye. Saura ɗaya."

A na bakwai ƙarfen ya suɓuce. Ya kife a kan tebur, yana nuna awarwarayen yana cewa, "Toka... ku rufe su da toka, kar su tsage." Kowa ta Baba yake, babu wanda ya kula. Suka huce a fili, fanka na kaɗa su.

Ranar Litinin da hantsi ya cika a asibiti. Zuhra ba ta yi wa Agnes magana ba sai bayan sadakar uku.

Ranar ce Kak Rosnah ta zo gaisuwa, da robar tapau, irin wadda ake sayo abinci a ciki, naɗe da auduga. Zuhra ta buɗe a kan tabarma, ta jera su. Bakwai ne. Biyar sun tsage, ɗaya bai haɗe baki ba. Ɗayan da ya fita lafiya ta ɗaga shi saitin taga, hasken rana ya ratsa ta cikinsa.