Jinina a Jikin Nonso

"Baba, kanka yana zuba!" in ji Sista Stella.

Na shafa goshi, hannuna ya fito baƙi ƙirin. Baƙin tukunya ne na kwaɓa da man gyaɗa na rufe furfura, zufa ta tona ni. Ɗakin ɗibar jini ya kece da dariya.

"Ke dai ɗibi, 'yata! Ni ne Kambai! Agana ta kama ni ta sake ni. Jirgi ya kife da ni, na fito ina neman hulata. Wane saurayi ke da irin jinina a Kafanchan?"

Saboda Nonso na je, ɗan maƙwabcina Linus, makanikin reluwe. Yaron ya yi fari fat, dasashi na tsiyayar jini, jiki duk tabo kamar an mintsine shi. Likita ya ce ɓargon ƙashinsa ne ya daina yin jini. Maganin gaske shi ne a ɗebi ɓargon yayarsa Chinwe a dasa masa, amma sai a Turai, coci kuma na ta neman hanya. Kafin nan sai ƙarin jini. Likita kuwa ya hana na 'yan gida, wai in jikin yaron ya san jininsu zai ƙi ɓargon. Abokan aikin Linus da jininsu ya dace duk sun bayar. Saura ni, aka ce na tsufa.

Sista ta kira likita. Ya auna ni, ya dubi baƙin da ke gangarowa wuyana.

"Shekarunka nawa, Baba?"

"Ban yi boko ba. Wa ya ƙirga?"

Ya girgiza kai. "Leda ɗaya. Kada in sake ganinka."

Kai, ku zo ku ga aiki! Washegari leɓen Nonso ya yi ja. Uwarsa Ezinne ta tare ni tana rawa da zane a hannu.

"Baba, ya tashi fa! Ya ci doya, ya ce ƙara!"

Da aka sallamo shi, har ƙwallo ya buga a bayan kwatas ɗin reluwe. Na tsaya ina tare masu wucewa: "Kun ga gudun nan? Nawa ne!"

Ya zo yana haki. "Baba Kambai, yanzu ni ma zan yi furfura?"

"Za ka yi, ja'iri! Har ka fi ni surutu!"

Zazzaɓi ya riga Turai zuwa. Likita ya ce jikin ba shi da sojan da zai tare masa. Ranar wata Talata da la'asar Linus ya leƙo ɗakina, ya cire hula.

Da za a yi wa gawar Nonso wanka na tsaya a bakin ƙofa, don ba dangi ba ne ni. Ezinne ta jawo hannun rigata.

"Shiga, Baba. Jininka ma yana ciki."

Na zauna a gefen tabarma, na buɗe ɗan tafin hannunsa. Da sauran ja kaɗan a tsakiya. Na rufe shi da nawa, mata suna zuba ruwa a kwano.